Furen da ya ɗauko rinin Malam

Shekarun baya, lokacin da hawan jinin ido ya fara cinye ganin mahaifiyata, na shiga wani irin hauka da har yau 'yan Ƙofar Jatau suke yi mini tsiya da shi. Ni mai facin taya ne, boko a aji biyu na sakandare na ajiye shi, fure kuwa ban san kowanne ba sai na zogale da na kabewa. Amma haka na bi gari gari ina neman fure.

Wata kalanda ce ta jawo. Na kafa ta a ɗakin Inna don ta rufe tsagewar bango. Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar ta kusa manna fuska da takardar. Hoton wani fure ne shuɗi, irin shuɗin da ya nuna har ya kusa komawa baƙi, yana ƙyalli.

Ta ce, "Kai wannan, zo ka ga rinin Malam."

Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, marigayi mahaifina ma Malam take ce masa. Marini ne, kuma tun da ya rasu aka cike rijiyoyin rininsa da shara. Ta ce rabonta da wannan launi tun yana raye, na yanzu duk shuɗin kanti ne, da za ta ga furen nan ido da ido kafin ganinta ya ƙare da ta ji daɗi. Nan take na ce zan kawo. Ban ma san ƙasar da yake fitowa ba.

Ƙannena masu digiri dariya suka yi mini. Su dai nasu bai wuce gaisuwar Juma'a ta waya ba. Na yanke hoton na sa a aljihu, na bi masu sayar da shuke-shuke na bakin titi tun daga Samaru har Kaduna. Wani ya rantse mini yana da shi, na saya na yi ta ba abin ruwa, ƙarshe ya fito ruwan hoda kamar ɗankwalin amare. A wannan yawon na ji sunansa, wai ayiris mai gemu, saboda wani ɗan gashi da ke kwance a tsakiyarsa, kuma wai sai gari mai sanyi.

Sai na ba abokina hoton, direba ne mai ɗauko dankali daga Jos. Ranar da ya bugo waya ya ce ya samu a lambun wani dattijo, taya na bari a kwance da mai keke a tsaye yana zage-zage, na ruga gida ina faɗa wa duk wanda na gamu da shi. Jama'a suka ɗauka haihuwa aka yi mini.

Abin da ya kawo saiwa ce kamar ɗanyar citta. Ya ce dattijon ya ce kada a binne ta, a bar bayanta a waje rana tana dukansa, ruwa kuma kaɗan. Na ce wannan zancen wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ne. Doya binne ta ake yi, makani binne shi ake yi. Na tada kunya a bayan ɗaki, na tura ta ƙasa sosai, na zuba kashin awaki, ina ban ruwa safe da yamma kamar mai lambun albasa. Da shirun ya yi yawa na tona, sai wari. Ta narke tas. A lokacin nan Inna sai da murya take gane ni.

Karo na biyu da kaina na bi abokina zuwa Jos. Dattijon ya kalle ni ya tambaya ko ni ne mai binnewar, na ce ni ne. Sai ya haƙo mini wata da ta riga ta fitar da kan fure, ya sa a bokiti da ƙasarta. A cinya na riƙo ta har Zariya, na tuɓe rigata na yi mata inuwa, duk ramin da muka faɗa sai na zagi abokina. Na ajiye ta gindin randa inda ya fi sanyi a gidan.

Da safe ta buɗe. Wallahi hoton ƙarya ya yi, abin ya fi haka. Hannun mahaifina na gani sak, yadda yake fitowa daga rijiya yana ɗiga. Na sungumi bokitin na kai wa Inna.

Ta kai furen daf da ido, ta juya wajen hasken ƙofa, ta daɗe. Ta ce inuwa kawai take gani. Na zauna a ƙasa. Sai ta sa yatsa tana shafa shi a hankali har ta kai kan ɗan gashin nan. Ta tsaya, ta sake shafawa, sai dariya.

"Ashe har gemun Malam ya ɗauko."

Can ta ce, "Kai da ka gan shi, ya yi rinin?"

Na ce, "Ya yi, Inna."

Ta ce, "To na gani."

Ƙannena sun zo da yamma sun ɗau hoto da shi, kamar su suka sha rana.

Inna ta rasu daga baya. Shukar ba ta sake fure ba, zafin garinmu ya fi ƙarfinta, ganye kawai take yi kamar takubba. Wani lokaci nakan ce da na ji maganar dattijon tun farko, wataƙila da idonta ya riske shi. Wani lokaci kuma dariyar nan ce take faɗo mini, wadda rabon da in ji irinta tun Malam na da rai. Har yau shukar tana nan gindin randa, bayanta a waje, ruwa kaɗan. Duk wanda ya ce in tumɓuke ta in sa albasa, hanyar zaure nake nuna masa.