Koren Ƙyallena Yana Nan Inda Na Bar Shi

Malama Asabe ta rasu.

Ina tsugune ina wanke kofunan shayi da safen nan Umma ta fito da waya a hannu, ta ce, "Fati, malamarku ta Fagge, Allah Ya yi mata rasuwa bayan asuba." Na ci gaba da cuɗa kofi ɗaya, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma.

Masu bibiyata a nan sun san ba na dogon rubutu, daga hoton fure sai labarin littafin soyayyar da nake karantawa. Yau ku yi haƙuri da ni.

Malama tela ce. A tsakar gidanta muke karatu bayan la'asar, mu bakwai a kan tabarma, ita kuma tana kan keken ɗinkinta na ƙafa. Ba bulala, ba tsawa. Kina biya haddarki keke yana tafiya, kina yin kuskure sai ya tsaya cak. Ko ɗagowa ba za ta yi ba. Sai kin koma baya kin gyara sannan ya ci gaba.

Ba abin da nake tsoro kamar wannan shirun. Kowa ya juyo yana kallona.

Kowace ɗaliba da ƙyallenta, daga ragowar yadin ɗinki. Shi Malama take sakawa a nata littafin daidai inda kika tsaya. Nawa kore ne mai ɗigon fari. Wai ta zaɓa min shi ne don kullum idona yana kan darbejiyar maƙwabta, ba ya kan shafi.

"'Yar mafarki, sauko, an zo kanki." Haka take kirana.

Wata rana littafin soyayya ya zamo daga cikin hijabina ya faɗi a gaban kowa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ɗauka, ta duba bangon, ta ce, "To, ya aure ta, ko har yanzu yana tsaye a ƙofar gida?" Na ce ban kai ƙarshe ba. Ta ce, "Fara kai nawa ƙarshe tukuna." Ta tura shi ƙarƙashin yadi. Da aka tashi ta miƙo min a ɓoye, ba ta kuma faɗa wa Umma ba.

Bara na samu waya, na shiga wani ajin hadda na onlayin. Ba zan ɓata ajin ba, wallahi na ƙaru, malamin ya san aikinsa. Amma abin da ya ja ni shi ne babu mai kallona. In shige ɗaki in naɗi karatuna, in na yi kuskure in goge in sake. Wani lokacin sau goma sha biyar. Sai na samu wanda ya fita tas in tura guruf ɗin ajin, malamin ya amsa da masha Allah da alamar babban yatsa. Bai taɓa jin kuskurena ba, don ban taɓa bari ya ji ba.

Haka na daina zuwa Fagge. Ko sallama ban yi mata ba.

A raina na tsara komai, kamar a littafi. Zan ɓace, in kammala haddar a waya, sannan wata yamma mai hadari in yi sallama sanye da sabon hijabi. In zauna in fara biyawa. Keke ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, bai tsaya ko sau ɗaya ba, har yadin ya ƙare. Sai ta ɗago idonta cike da hawaye. Na kalli wannan yammar a kaina ya fi sau ɗari, har kalar ɗankwalinta na zaɓa.

Sati uku da suka wuce Umma ta aike ni Kasuwar Sabon Gari. Na hango Malama a rumfar Mama Ngozi mai zare, suna gardama a kan wane shuɗi ne ya fi. Na ja hijabi na juya zan sulale.

"'Yar mafarki. Ko ta baya na san tafiyar nan."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa Mama Ngozi, "Kin ga ɗiyata da waya ta haɗiye." Mama Ngozi ta ce ai nata 'ya'yan ma duk suna ciki, sai dai a tura musu abinci ta can.

Na ce, "Malama, ina karatu fa, onlayin nake yi."

"Madalla. Ilimi ne, ki riƙe shi da kyau. Malamin naki yana gane ranar da kika yi kuka kafin ki fara karatu?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ƙyallenki yana nan. Sau biyu na kai hannu zan cire in ba wata, hannun ya ƙi. Ki zo da kuskurenki, shi nake so. Wanda ba shi da kuskure me zan yi masa?"

Na ce zan zo ranar Asabar. Asabar uku suka wuce. Kullum sai in ce bari in ƙara gogewa kaɗan.

Yau na je, a Adaidaita ni da Umma. An riga an fita da ita. Gidan cike da mata, an tura keken lungu an rufe shi da zani. Tun a hanya abu ɗaya nake tambayar kaina: ta gaji da jirana ta cire, ko ba ta cire ba?

Bayan azahar Anti Bilki, babbar 'yarta, ta yafito ni zuwa ɗaki ta miƙo min littafin Malama. Ƙyallayen sauran duk sun yi nisa, ja da ruwan ɗorawa har sun kusa bangon ƙarshe. Nawa yana can baya shi kaɗai, ya kwanta ya bar sawunsa a jikin takarda.

Na rufe littafin na fara biyawa daga nan, a hankali. Wurin da na tura a guruf tuntuni aka ce masha Allah. A layi na uku na kauce. Na ji na kauce. Na yi shiru ina jiran keke ya tsaya, alhali tun farko ba ya tafiya.

Anti Bilki ce ta gyara min daga bakin ƙofa. Ta ce, "In an share makoki zan ci gaba da zama da yaran. Ban iya ɗinki ba, sai dai in ƙwanƙwasa tabarma. Za ki zo?"

Na ce zan zo. Ban faɗi rana ba, na dai bar mata ƙyallen a inda yake.

Ya Allah, Ka ji ƙan Malama Asabe. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa min, Ka haskaka makwancinta, Ka ba iyalanta haƙuri. Duk harafin da muka gyara saboda ta ɗage ƙafarta daga kan keke, Ka sa shi a mizaninta.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ba sai kun rubuta a ƙasa ba, ku ajiye wayar minti ɗaya ku faɗa da bakinku. Ni ma ku roƙa min Allah Ya sa in cika alkawarin nan.