Shekara Shida na Goggo Rabi

Ranar Juma'ar farko bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, Baffa Sani ya zo daga Kaduna gaida kakarmu Iya a gidanmu na Ƙofar Gayan. Ina 'yar gala-gala a tsakar gida aka ce in kai masa ruwa. Na tarar Iya ta riƙe hannunsa tana kuka, wai tun jiya ko kunu ba a ba ta ba. Baffa ya dube ni ya ce, "Ke Hadiza, gaskiya ne?" Da idona na ga ƙanwarsa, Goggo Rabi, tana ba ta kunu cokali-cokali da safe, amma an hore mu ba a ƙaryata babba. Na sunkuyar da kai. Baffa ya fito ya yi ta faɗa a gaban matan gida. Goggo tana bakin rijiya tana wanke zannuwan Iya, abin da ta ce kawai, "Yi haƙuri, Yaya." Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma kunya ta hana ni ba ta haƙuri.

Shekara shida Iya ta yi a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, tunaninta ya gushe. Goggo ta dawo gida ne bayan rasuwar mijinta, sai jinyar ta faɗa kanta ba tare da an yi shawara da ita ba. Ita ke ɗaga Iya, ta yi mata wanka, ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta shanya katifa a kan katanga. Ta bar suyar ƙuli-ƙulin da take yi, ta daina zuwa biki da suna. Masu dubiya kan zo da lemo da ayaba, su ce, "Rabi, ai Aljannarki ce," su tafi. In kanta ya matsa mata da ciwo sai ta ɗaure shi da kallabi ta ci gaba.

Wata damina tana tuƙa tuwo ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka ce hawan jini ne da ya daɗe ba a duba ba. Bayan kwana uku ta rasu. Iya ta ƙara wata takwas tana kiranta, tana gaya wa kowa Rabi ta gudu ta bar ta.

A lokacin mutum ashirin ne a gidan. Yanzu an watse, 'yan'uwa sai a waya, ni ke jinyar mahaifiyarmu. Ran nan wata maƙwabciya ta shigo ta ce, "Je ki kwanta awa biyu, zan zauna da Hajiya." Na kwanta, barci ya ƙi zuwa, sai hawaye. Goggo ko awa biyun nan ba ta samu ba.