Sunan da Na Tsallake a Bakin Gona

Damina tara ke nan da muka binne yayana Idi a ƙauyenmu na ƙasar Mayahi. Shi ya riƙe ƙungiyar gayyarmu, wadda ke nome gonakin marasa lafiya da tsofaffin da ba su da kowa.

Yaya Idi akwai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Kowace Alhamis, kafin a sa hauya, sai ya tsaya bakin gona ya kira sunan kowa. Wanda ya tafi cirani ma sai ya kira shi, kuma ba a motsawa sai wani ya amsa a madadinsa, ya ɗauki layinsa. Mun sha gunaguni. Na taɓa nome layi uku rana guda saboda saurin bakina.

Da ya rasu, kiran ya faɗo kaina. Samari suka watse, wasu Agadas, wasu Kano, wasu kabu-kabu a Tasawa. Bara mu shida muka rage, kowa da ciwon baya, mai amsa wa wani kuwa babu. Gonar Baba Tanko makaho ciyawa ta cinye ta muna kallo, har yau ina jin kunyar abin. Na ƙudurta bana in yi kira na ƙarshe in sallami kowa.

Ranar, da na zo kan sunan Sale da ke Agadas, sai na ji an ce, "Ga ni." Matarsa Hadiza ce, hauya a kafaɗa.

"Baba, daga cikin gida nake jin kuna kiran mijina, ba mai amsa mishi," in ji ta. "Na gaji da ji."

Alhamis ta gaba matan maƙwabtanta suka biyo ta, sai ƙannen 'yan cirani, sai iyayensu maza da kunya ta koro daga inuwa. Kafin azahar muka gama gonar Baba Tanko. Geronsa yanzu ya fi ni tsawo.

Da Yaya Idi zai ga mata a gayyarsa, na san sai ya ɓata fuska tukuna. Daga baya kuma zai bi layin Hadiza da ido, ya ce ya fi nawa tsabta. Gaskiyarsa kuwa.

Bai bar gida mai kyau ba, bai bar shanu ba. Kiran nan ya bari, ni ma ban riƙe shi daidai ba. Makon jiya, ina gama kira a bakin gona, Hadiza ta tare ni.

"Baba, kullum kana tsallake suna guda."

Shekara tara bakina bai iya furta shi ba. Na gyara murya na kira Idi. Gonar duka ta amsa, har sai da na raba gardama a kan wanda zai ɗauki layinsa.