Rubutun da ke jikin gindin roka

Ɗana na fari yana karatun injiniya lokacin da ya cika mana soron gida a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, da bututu da ƙurar zarto. Ƙaramar roka yake haɗawa, tsawonta bai wuce ƙirjina ba. Ya yi mini bayani: kan ne ke wucewa sama, gindin da ya cilla shi kuwa sai ya rabu, ya buɗe laima, ya sauko a hankali, a sake cika shi a sake harbawa. Malamansa sun ce in gindin bai tashi karo na biyu ba, aikin shekararsa ya faɗi.

Ni da ajami na tashi. Ranar da za a fita gwajin farko na ɗauki alƙalami na rubuta a jikin gindin abin da muke gaya wa matafiyi: Allah ya kai lafiya, ya dawo da kai lafiya.

"Baba, ba Hajji za shi ba," in ji shi yana dariya.

Muka fita jeji bayan iyakar Harami da hantsi. Rokar ta tashi da ƙara kamar an yage sama. Laima ta buɗe, amma iska ta ja gindin ya faɗa tsakiyar garken raƙuma. Suka watse da gudu, wata taguwa ta tattake shingen waya, ƙafarta ta tsage.

Ɗana ya riga ni isa. Kafin in iso, mai raƙuman, wani Balarabe kakkaura, ya sauke masa sanda a goshi. Jini ya rufe masa ido. Ya faɗi, mutumin ya ƙara masa a haƙarƙari, ya taka masa hannu. Na riƙe sandar, ya hankaɗe ni na zauna a kan tsakuwa.

Sai ya ɗauki gindin ya ga rubutun. Haruffan nasa ne, amma ya kasa karantawa. Idonsa ya juye.

"Sihiri!" ya ce da Larabci. "Kun jefo wa dabbobina sihiri daga sama!"

"Ya shaihu, Hausa ce. Addu'ar tafiya ce."

"Yi shiru, tsoho! Addu'a da ba ta karantuwa?"

Ya yar da shi cikin kashin raƙuma, ya ciccibo dutse da hannu biyu. Ɗana ya ja jiki ya kifa a kan bututun, bayansa a buɗe, ga dutse a sama.

Na ce, "Kalmar farko fa? Ita ma ba ka iya karanta ta?"

Ya tsaya yana haki. Ya leƙa ta ƙarƙashin hammatar yaron. Alif, lam, lam, ha. Na ga leɓensa ya motsa. Ya dubi inda ya yar da sunan, ya saki dutsen gefe, ya ce astagfirullah. Da bakin rawaninsa ya goge wurin, ya miƙo mini gindin ba tare da ya dube mu ba. Muka taya shi ɗaure ƙafar taguwar, ɗana yana tofar da jini.

An ɗinke goshin, an manne fiffiken gindin guda da ya karye. Gindin ya sake tashi a gaban malaman ɗana, ya sauko lafiya. Kafin mu fita ranar, yaron da kansa ya kawo mini alƙalami.

"Baba, ƙara da Larabci a ƙasa."