Sifirin Farin Dutse

"Duba nan, Malam. Farin Dutse: sifiri, sifiri, sifiri. Damina guda ko ɗigo bai sauka a garinku ba? To gyaɗar da na gani a hanya, da yawu ta fito?"

Manajan ofishin gona na Birnin Kudu ke nan, yana kaɗa doguwar takardar da kwamfuta ta buga. Wanda yake wa faɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata, mai awon ruwan sama a Farin Dutse. Ni kuma ina tsaye jikin na'urar, don ni na buga takardar.

Kawu ya ce, "Yallaɓai, kullum ina idar da asuba gwangwanin awon nan nake fara dubawa, kafin ma in kunce akuyata. Na rubuta, na aiko."

"Ka aiko, na'ura ta cinye ke nan?" in ji Manaja. Masinjan ofis ya ƙyalƙyale da dariya. Manaja ya juyo gare ni. "Kai, kwamfuta tana ƙarya?"

Na ce, "Ba ta yi, yallaɓai."

Ko a lokacin na fara zargin hannuna. Amma na faɗa, da ƙarfi ma. Manaja ya ce a je a ɗauke gwangwanin a ba wani. Kawu ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko ya yanke hukunci." Ya sa takalminsa ya fita.

Bokon ma ban yi nisa ba. A aji uku na gudo daga sakandare. Na taɓa ɗinki, na taɓa kwandasta, na taɓa gyaran rediyo, ba wanda na yi wata shida a kai. Kawun nan ne ya yi ta sintiri har aka ɗauke ni buga tafireta. Lokacin muna cikin jihar Kano, kuɗin man fetur bai gama ƙarewa ba, sai ga kwamfuta an kawo, da janaretanta. Wani injiniya Ba'indiye ya ga yatsuna da sauri, ya ce in zo ya koya mini.

Abin da ya koya mini ba wuya. Ka yi jeri biyu, kamar ramukan dara. Jeri ɗaya sunayen garuruwa, ɗaya kuma awon ruwansu. Sai ka ba na'ura umarnin zagaye: ɗauki na farko nan, ɗauki na farko can, buga su a layi ɗaya, matsa gaba, har ramuka su ƙare. Ranar da jadawalina ya fara fitowa, firinta tana ƙara kamar keken ɗinki, na ji duk Birnin Kudu ba kamata. Ba'indiyen ya ce duk abin da na buga in gwada shi da takardun hannu, layi-layi. Sau biyu na yi, na gaji. Da ya tafi hutu na daina.

Bayan fitar Kawu na koma na zauna, na bi jerin da yatsa. Ban daɗe ba na gani. Takardar garin Kiyako ce ta zo a makare. Na cusa sunan a tsakiyar jerin sunaye, aka kira azahar, na tashi, ban sa awonta a ɗaya jerin ba. Daga nan kowane gari ya ɗauki ruwan na ƙasa da shi. Zandam ta sha ruwan Farin Dutse. Farin Dutse, da ke ƙarshe, ta tarar da rami fanko, na'ura kuwa in ta ga fanko sifiri take bugawa.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Kai takardar ofishin manaja ne ya ci mini kwana biyu.

Na ajiye masa na ce, "Yallaɓai, na'urar ta gyaru."

"Na'urar?"

Na sunkuyar da kai. "Ni ne."

Ya daɗe yana duba layin ƙarshe. Ya ce gwangwani zai zauna inda yake, amma shi ba zai aika kowa ba. Ni zan je Farin Dutse in faɗa wa dattijon da bakina.

Na je tasha har sau biyu. Na biyun har na shiga motar Gwaram, mai bi ta Farin Dutse, na sauko kafin ta cika. Ƙarshe na yagi gefen takardar firinta na rubuta, na ba direba. Na san ban da lambobi Kawu ba ya karanta boko, sai dai a karanta masa a ƙofar gida, gaban mutane. Na bar shi haka.

"Kawu, gaisuwa da ban girma. Awonka daidai ne, duk na gani. Ni na tsallake layi, kuma da aka tambaye ni na bari aka ci mutuncinka. Aikinka yana nan. Wanda yake karanta wannan ya ɗaga murya kowa ya ji. An ce in zo da kaina, na kasa. Ka yafe mini. In ka ce in zo, zan zo."