Sunan Kawu a Cikin Na'ura

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishin aikin gona da nake aiki a Funtua, ba kowa ke shiga ɗakinta ba. Ita aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, mu kuwa muna gumi a baranda. A cikinta aka zuba sunayen manoma, kuma duk wanda ba ta fitar da shi ba, ba zai sami takin zamani ba.

Ruwan farko ya sauka ke nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya iso a keke daga ƙauyenmu da ke bayan Bakori. Na kai sunansa wurin akawun da ke kula da na'urar. Ya buga, ya ɗan jira, ya ce, "Babu."

"Ni ne babu?" in ji Kawu da na gaya masa. "Aikin mai unguwa ne. Tun rigimar iyakar gona yake nemana."

Ni kuwa akawun na zarga, don an sha raɗe-raɗin ana cire sunan wani a sa na wani. Na koma na tsaya a bayansa, na ce ya sake bugawa ina gani. Nan na lura ba sunan yake tambaya ba. Umarnin da aka koya masa cewa yake a fito da girman gonar wane, domin da shi ake yanke buhu nawa za a ba mutum. In ba a rubuta komai a gurbin girman gonar ba, na'urar ba ta nuna komai, shi kuma sai ya ce babu.

"Malam, tambaye ta ko sunan yana ciki. Bar maganar gona tukuna."

"Yau kuma kai ne injiniya?" Ya yi tsaki, ya buɗe littafin umarni, ya bi layi da yatsa, ya buga. Sai ga sunan Kawu, da na mahaifinsa, da ƙauyenmu. Gurbin eka ne kawai fayau.

Na sami Kawu a gindin darbejiya, riƙe da kekensa.

"Kawu, da masu awon gona suka je bara, me ka ce musu?"

"Cewa na yi su kama hanya. Wa ke auna gonar mutum in ba haraji zai ɗora masa ba?"

"Ba don haraji ba ne, don taki ne."

"Haka suka gaya maka, ɗan boko."

Na ce masa in ba a auna ba, ko buhu ɗaya ba zai fita ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin sanyin nan. Daga baya ya yarda a auna ƙaramar gonar bayan gida kaɗai, ita ma sai yana tsaye yana kallon igiyar awon. Takin da ya dace da ita aka ba shi. Babbar gonar kuwa bai taɓa bari an sa mata igiya ba, kuma a daminar nan masararta ko kafaɗata ba ta kai ba.