Mangalar Kaba da Buhun Leda

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, rumfarmu ta masu saƙa mangalar jaki cike take a kasuwar Maigatari. Da kaba muke saƙa. In mangala ta tsufa sai a yar a gona, gara ta ci, ta koma taki.

Sai buhun leda ya shigo. Kafin ka ce me, rumfa ta watse, saura ni da aminina Idi.

Ranar da shi ma ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Sale, taurin kan nan naka sai Allah. Buhu fa ba ya ruɓewa."

Na ce, "To in ya yage, wa zai cinye shi?"

Ya yi dariya ya tafi.

Ɗazu na ji a rediyo wai yanzu masana na yin leda da rogo, don ta ruɓe a ƙasa. Na miƙe zan je in yi wa Idi gori. Sai da na sa takalmi na tuna bara muka kai shi makwancinsa.

Gobe da sassafe zan fita yankan kaba. In akwai mai son koyon saƙar nan, ya yi magana, tun idona na gani.